Mace Ɗaya a Ƙaramar Tasha

Erlenau, 13 ga Satumba, 1981

Zuwa ga mijina Meinrad,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Aljeriya? Cikin naka ya daina murɗawa, ko har yanzu ruwan can bai karɓe ka ba? Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka. Da na ɗaga murya na ce kai nake rubuta wa, sai da ta buga sandarta a daɓen bene, ka san fassarar wannan: a ce wa ɗanta ya riƙa sa hula a rana.

Bari in sa maganar da ta fi damuna a sama, don na san ƙarshen takarda da ido ɗaya kake karanta shi. Ka ce kwantiraginku zai ƙare a Disamba, a gida za ka yi Kirsimeti, kuma ba komawa. Na riƙe wannan maganar hannu bibbiyu. Shekara ɗaya da rabi ta isa, Meinrad. In suka miƙo maka sabuwar takarda, ka ce musu bironka ya ƙafe. Mai injin katako na bakin gada ya sake tare ni a hanya, ya ce yana ajiye maka gurbi, mai walda yake nema wanda ba sai an tsaya a kansa ba. Na san ba kamfanin agogon da ka saba yi wa aiki ba ne, amma kamfanin agogo ya rufe, kuma ba dawowarka yake jira ya buɗe ba.

To ga labari, matarka ta sami aiki. Kada ka ɗaure fuska, a gida nake yi, a kan teburin kicin. Kamfanin kayan wasa na ƙasan kwari, masu yin 'yan gidajen roba da ake jerawa a gefen jirgin ƙasa na wasa, su ne ke neman mata masu natsuwar hannu. Ka san yadda suke sayar da abin, gutsi-gutsi a kwali, uba da ɗa su zauna su haɗa. To kafin Kirsimeti kowane mai shago yana son guda ɗaya haɗaɗɗe ya ajiye a taga, don yara su gani su hana iyayensu sakat. Na tagar su muke haɗawa. Ni tasha aka ba ni, 'yar tashar ƙauye da za ta zauna a tafin hannunka, da jan rufi, da agogo a goshinta, da benci ɗaya a dandamali.

Madam Kienzler, wadda ke kan mu masu aikin gida, ita ta gwada ni. Ta juya hannuwana sama da ƙasa, ta ce, "Kina shan taba? Kina da yara masu taɓe-taɓe?" Na ce babu ko ɗaya. Ta ce, "Madalla, ke muke nema." Ban taɓa jin an yi mini madalla a kan wannan ba sai ranar.

Aikin na son haƙuri. Sai an yanke kowane gutsure daga jikin sandarsa, a goge bakinsa da magagari, a ɗauki gilashin taga da matsefata don bai kai farce girma ba. A ciki ana naɗa baƙar takarda mai zanen labule, in ba haka ba da an kunna ƙwan lantarkin da ke ciki sai bangon gaba ɗaya ya yi ja kamar an yi gobara. Gam kuma iri biyu ne. Na gini ba mannawa yake yi ba, narkar da robar yake, bango biyu su zama ɗaya, in ka sa ka sa ke nan. Na mutane kuwa mai danƙo ne, don mai shago ya iya ɗaga su ya sauya musu wuri. Kowace tasha da ƙunshin mutanenta: mai tasha da jar hula, matafiyi da akwati, ɗan dako, yara biyu, da wata mata a zaune.

Ranar Talata Malam Dorer, direban kamfanin, yake kawo sababbin kwalaye ya kwashe waɗanda na gama. Wancan makon ya tsaya yana kallon teburin, ya ce, "Madam Fehrenbach, mijinki tun bara yake gina masana'antar siminti guda ɗaya bai gama ba, ke kin cika tebur da tashoshi a mako guda. Anya ba ke ya kamata a tura Afirka ba?"

Mama ta ce warin gam ɗin zai kashe ta kafin ɗanta ya dawo. Duk da haka kullum sai ta sauko ta zauna a kujerarka, tana nuna mini da sanda wai bututun hayaƙin ya karkace.

Ka kula da kanka, ka ci abinci a kan lokaci.

Taka,
Zita


Erlenau, 18 ga Oktoba, 1981

Meinrad nawa,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Yaya ƙafar da ka ce ƙarfe ya daka, ta warke? Mama na nan da ciwon gwiwarta, ni kuma wuyana ne kawai ke ƙorafi saboda sunkuyo.

Takardarka ta iso. A bakin ƙofa na buɗe ta, kafin in kai kujera na gama karantawa. Lafiya kake, aiki ya yi yawa, a gaida Mama. Katin da likitan haƙori ke aiko mana ya fi ta tsawo. Ba ka ce komai a kan Disamba ba, har bayan takardar na juya na duba. Da ma ko kan sarkin Aljeriya nake gani in kalla, to duk ta ofishinku na nan gida, na Mannheim, suke biyowa, ambulan ɗin sak na kuɗin wuta.

Egon mijin Traudel, wanda kuka tafi tare, ya dawo, amma ai ka riga ni sani. Ran Lahadi da aka fito daga coci na tare shi a bakin matakala.

Na ce, "Egon, sannu da hanya. Yaya ka baro mana mutumin?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Zita. Ya ma yi ƙiba."

"Ko dabino bai ba ka ka kawo wa uwarsa ba?"

"Tafiyar ce ta zo a gaggauce."

Takalminsa yake gaya wa, ba ni ba. Traudel ta ja hannunsa wai ta bar nama a wuta. Egon fa, wanda ke tsayar da mutum a cikin ruwan sama ya ba shi labarin kifin da ya kusa kamawa. Tun ranar in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Kun yi faɗa ne? In kun yi, ka gaya mini, in san ko zan ci gaba da gaida Traudel.

Rana ta fara ƙaurace wa gefenmu na kwarin, ka san daga yanzu sai Fabrairu za ta sake taɓa tagar kicin. Tun la'asar nake kunna fitila. Hannuna ya saba da aikin, Madam Kienzler ta ƙara mini kwalaye, har ta ce tagogina ba sa yin hazo. Ka san wannan matar, wannan a wurinta kirari ne.

In na gama na mako dole in gwada ƙwayayen, sai in jera tashoshin in kunna su gaba ɗaya. Teburin ya koma gari guda, kowace taga da haskenta da labulenta, ka rantse akwai mutane a ciki suna cin abinci. Ni na haɗa su da hannuna, na san babu komai a ciki sai baƙar takarda da waya, amma sai in zauna ina kallo har shayina ya huce. Kewarka nake yi, Meinrad, kuma gidan nan ya yi mini girma. Na rubuta shi ƙarara don kada wata rana ka ce ban faɗa ba.

Mama ta sa na fito da baƙin kwat ɗinka na rataye a baranda ya sha iska. Na ce mata ai da sauran wata biyu. Ta ce, "Ke dai rataye. In asu ya cinye shi, da rigar walda zai je cocin Kirsimeti?"

Ka amsa mini maganar Disamba, ko da kalma ɗaya ce.

Matarka mai jiranka,
Zita


Erlenau, 15 ga Nuwamba, 1981

Zuwa ga Meinrad,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fatan zafi ya ragu a wurinku. Nan ƙanƙara ta sauka tun farkon mako, ni na share ƙofa da hanyar rumbun itace. Mama lafiya, tana cigiyarka safe da yamma. Ban sami amsar takardata ba, amma ba zan fara da ƙorafi ba, yau abin dariya na kawo maka, in ka ga dama ka yi.

Ranar Juma'a ta wancan makon na ji motar Dorer a ƙofa, alhali ba Talata ba. Ya shigo yana murza hularsa, ya ce, "Madam Fehrenbach, yau ba kaya na kawo ba, sammaci na kawo. Ki sa takalmi." Ya kai ni kamfani, har babban ɗakin da mata ke zaune a dogon tebur suna fenti. Ga kwalayena a jibge, ga Madam Kienzler a tsaye a kansu. Ta buɗe na farko ta ajiye tashar a gabana.

Ta ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Tasha."

"Ina mai tashar?"

Na duba. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, ta yi ta buɗewa har tebur ya cika. Rufi daidai, taga fes, agogo a miƙe. Amma kowace ɗaya babu kowa a dandamali sai matar nan a kan benci, hannunta a kan jakarta.

Ta ce, "Annoba aka yi a garin nan? Ina yara, ina ɗan dako? Wane uba ne zai saya wa ɗansa tashar da jirgi ya manta da ita?"

Wata daga ƙarshen tebur ta ce, "Mazan duk sun tafi Aljeriya." Aka kwashe da dariya, sai kuma dariyar ta mutu a tsakiya, kowa ta koma kan burushinta. Shirun ya fi mini dariyar ciwo.

Bai ƙare a nan ba. Madam Kienzler ta sa matsefata za ta ɗaga matar, ta ƙi tashi. Ta ƙara ƙarfi, sai bencin ya ɓalle da ita a manne. Ashe gam ɗin gini na sa musu, dukansu. Ta juya abin a hannunta ta ce, "Wannan ko jirgin ya zo ba za ta iya shiga ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sauran mutanen suna nan a gwangwanin biskit a kan kantar kicin, inda na zuba su wai sai na zo ƙarshe in jera. Zan iya ce maka gaggawa ce, aikin ya ninka, Mama kuma ta kwana biyu da tari. Haka na gaya wa Madam Kienzler, ta kuma karɓa. Amma kai ba zan yi maka wannan ƙaryar ba. Kowace ɗaya sai da na ɗaga ta saitin idona na duba kafin in sa a kwali, kuma a idona ta cika, ban ga abin da ya rage ba.

Ba a kore ni ba. An mayar mini da su, na yi mako guda ina cika dandamali da jama'a. Guda ɗaya ce kawai ta tsere, Dorer ya riga ya sauke ta a wani shago kafin a farga. A hanyar dawowa bai yi zolayarsa ba, sai da muka zo gada ya ce, "Ni fa da na ga ta farko ban ga aibinta ba. Haka tashar garinmu take kullum." Ya ba ni tuffa daga aljihunsa, na ci don kada in yi kuka a motar mutane.

Yanzu duk kwarin ya ji. A shagon burodi ana yi mini magana a hankali kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ka taimake ni ka rufe musu baki: ka rubuto mini ranar da jirgin da za ka biyo, in je tashar Triberg in tarye ka.

Ni ce taka,
Zita


Erlenau, 9 ga Disamba, 1981

Meinrad,

Ina gaishe ka. Lafiyarka kuwa na ji ta a muryarka ran Lahadi, ba sai na tambaya ba. Mama na nan ƙalau, har yau tana ba maƙwabta labarin ɗanta ya bugo waya.

Da can in ka bugo sai mun yi ta ihu, muryata na dawo mini, layin na yankewa. Ran Lahadi kuwa ras nake jin ka, kamar kana ɗakin baya. Na ce a raina Aljeriya ta ci gaba. Ka ce aiki ya ja, Kirsimeti ba za ta yiwu ba, wataƙila sai bikin Ista. Sai ka shiga lallashi, ka ce, "Ki rabu da Kienzler. Ni tashar ta fi mini kyau a haka, ita kaɗai da ɗan karenta." Har na yi 'yar dariya, don na ji daɗi ashe kana karanta takarduna har ƙarshe.

Ina wanke kofuna abin ya faɗo mini. Wane kare? Babu kare a ƙunshin, ban taɓa sa kare ba, ban kuma rubuta maka kare ba. Ba a takarda ka gan ta ba, da idonka ka gan ta. Kuma guda ɗaya ce tak a duniya da ta fita a haka.

Jiya Talata da Dorer ya zo na tambaye shi inda ya sauke ta. Ya ce, "Offenburg mana, shagon tsohon nan mai tabarau, kusa da kasuwa. Lafiya? Kin yi fari fat." Na ce warin gam ne.

Offenburg, Meinrad. Ko awa ɗaya ba a yi a jirgi daga Triberg.

Yana tafiya na sa kwat na nufi gidan Egon. Na same shi a rumfa yana faskare.

Na ce, "Egon, ajiye gatarin nan ka dube ni. Tun yaushe yake Offenburg?"

Ya zauna a kan kututture. Ya ce, "Na gaya masa ba zan iya riƙe wannan abin ba. Tare aka sallame mu, tare muka sauka a Frankfurt, tare muka hau jirgin ƙasa. Da muka zo Offenburg, inda ake canji zuwa kwari, ya ajiye akwatinsa ya ce in wuce, zai biyo na baya. Na ɗauka fitsari zai yi."

Na ce, "Mace ce?"

"Da mace ce da Traudel ta ji, da kuma duk kwarin nan ya ji. Ɗaki ya kama, yana walda a wani gareji. Shi kaɗai yake, na je na gani."

"To me ya ce?"

"Ya ce in ya tuna kwarin nan, da duhunsa, da ƙarar sandar Mama a saman kansa, numfashinsa ɗaukewa yake."

Na ce, "Ni fa?"

Ya mai da idonsa kan gatarin. Ya ce, "Bai ambace ki ba, Zita."

Da mace ce da na san abin yi. Da na yi kuka, na yi zagi, na je na ga abin da ta fi ni da shi. Amma ɗaki ne babu kowa, shi ka zaɓa a kaina, kuma ban san yadda ake faɗa da wannan ba. Wata guda ina share ƙanƙara ina lissafin zafin da kake sha, ashe sanyi ɗaya muke ji.

Ba ni da adireshinka, ban kuma tambayi Egon ba. Wannan ma ta Mannheim za ta bi, su da suka san inda suke tura maka. Mama ba ta sani ba tukuna.

Zita


Erlenau, 13 ga Disamba, 1981

Zuwa ga Meinrad,

Gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Mama lafiya, ni ma da sauƙi.

Shekaranjiya Juma'a na zo Offenburg. Na je wurin Madam Kienzler na ce kuskurena ne, ni ya kamata in kai gyararriya in karɓo waccan. Ta dube ni ta saman tabarau, ban san me ta ji a gari ba, ta ce, "Ki sa safar hannu, akwai sanyi." Na gaya wa Mama aikin kamfani ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Ban sha wahalar gane shagon ba. Tana nan a tsakiyar taga, an zuba mata auduga a rufi, fitilarta a kunne, jirgi na zagayawa yana wuce ta. Ga matar a benci, ga ɗan kare baƙi a gefen ƙafarta. Na shiga na gaya wa tsohon abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Ashe kuskure ne? Ni na ɗauka sabon salo ne. Karen ni na sa mata, kullum da safe in na buɗe shago na gan ta haka sai in ji ba daɗi."

Na ce kamfani na ba da haƙuri.

Ya ce, "Ni ba ruwana, amma akwai wanda zai ji haushi. Wani mutum ne, kullum in an tashi daga aiki sai ya tsaya a nan ya daɗe. Ba jirgin yake kallo ba, na lura. Ya nemi in sayar masa, na ce ta taga ba ta sayarwa ba ce. Na ce ga ta a kwali ka haɗa da kanka, ya ce shi hannunsa na ƙarfe ne."

Na ciro ta da hannuna, na ajiye sabuwar, mai cike da jama'a. Na miƙa masa karensa. Sannan na tsallaka titi na tsaya a ƙarƙashin rumfar mai burodi, da kwalin a hannu. Zan gaya maka gaskiya, da shirina na zo. Tun daga Triberg nake jera maganganun da zan faɗa maka, har tikitin komawa biyu na saya. Niyyata in kama hannun rigarka a gaban kowa, in sa ka a jirgi.

Wajen ƙarfe biyar, an fara kunna fitilun titi, na ji ka kafin in gan ka. Fito kake yi da baki, Meinrad. Ka ɓullo daga kwana da burodi a hammata, da wata jaket da ban sani ba, fuskarka ta yi duhun rana, kana tafe kana fito kamar saurayi. Na tsaya ina neman ranar ƙarshe da na ji wannan a gidanmu, sai da na koma shekarar aurenmu.

Ka iso tagar, fiton ya yanke. Ka sunkuya, ka kare idonka da hannu ka manna fuska a gilashi. Na ga kanka na bin su ɗaya bayan ɗaya, mai jar hula, ɗan dako, yaran. Akwai mace a bencin, amma ka san ba ita ba ce. Ka daɗe a haka har wani yaro ya ture ka don ya ga jirgi. Faɗin titi ne kawai tsakaninmu. Na ce a raina in ka juyo zan kira sunanka. Ba ka juyo ba, ka gyara burodinka ka wuce, shiru.

Na iya bin ka, ƙafata ce ta ƙi. Na yi fushi, har yanzu ina yi, kuma ina son ka, wannan bai canja ba tsakanin Juma'a da yau. Amma mutumin da na ji yana fito ba zan iya jan shi zuwa inda zai daina ba. Ka iya tsayawa kullum kana kallona ta bayan gilashi, wannan kuma ni ce ba zan iya ba, shi ya sa na ɗauke ta. Tikiti ɗayan na ba wata ɗaliba a tasha.

Ba zan ƙara tambayarka rana ko jirgi ba. Saura maganar Mama. Ba ni zan gaya mata ba, uwarka ce, kuma ta cancanci ta ji daga bakinka kafin ta ji a shagon burodi. Ka zo kafin Kirsimeti. Ka gaya wa Egon ranar, ni kuma zan tafi wurin yayata a Furtwangen tun da safe. Zan bar miya a kan murhu, in bar ƙofa a buɗe. Ba sai ka gan ni ba.

Allah ya ba ka lafiya a inda kake.

Zita